Hasken da ya taru a tsakiyar kai

A shekarar 1999 masu bincike a Jami'ar Minnesota ta Amurka, ƙarƙashin Kamil Ugurbil, suka kunna na'urar MRI mai ƙarfin tesla 7, alhali yawancin asibitoci a kan tesla 1.5 suke aiki. Ƙarin ƙarfin maganaɗisu ya kamata ya kawo hoto tangaran. Amma hotunan ƙwaƙwalwa suka riƙa fitowa tsakiya fes da haske, gefe-gefe wajen kunnuwa kuma duhu. Mene ne ya ci rabin hoton?

Maganaɗisun ne ya fara shiga zargi. Sai dai akwai gwaji mai sauƙi: a cika ƙwallon roba da mai a ɗauki hotonsa, hasken ya bazu daidai. A zuba ruwa a maimakon man, tsakiya ta haskaka, gefe ya dushe. Maganaɗisu ɗaya ne, abin da ke ciki ne ya canza. Jikin mutum kuwa akasarinsa ruwa ne.

Daga nan hankali ya koma kan kejin da ake kifa wa majinyaci a ka. Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa ɗaukar wannan hoto ya san shi: zobba biyu da sanduna a tsakaninsu. Cecil Hayes da abokan aikinsa na General Electric ne suka fito da shi a 1985. Eriya ce mai aika igiyar rediyo cikin jiki. Kowace tesla ta maganaɗisu tana buƙatar igiya mai kusan megahaz 42.6, wato 64 a tesla 1.5, amma kusan 300 a tesla 7, can sama da tashoshin FM.

A nan zaren ya warware. Ruwan jiki yana gajarta igiyar rediyo sosai. A tesla 1.5 tsawonta cikin nama ya kai rabin mita, kai gaba ɗaya yana cikin tashinta guda. A tesla 7 kuwa ba ta wuce santimita 12 ko makamancin haka ba, ta gaza faɗin kan kansa. Uwar gida ta san abin da ke biyo baya: ta bugi gefen daron wanki cike da ruwa, ta ga zobban ruwa sun taso daga kowane ɓangare, sun haɗu a tsakiya sun yi tozo, a wasu wuraren kuma sun kashe juna ruwan ya kwanta. Haka sandunan keji suke yi. Inda igiyoyinsu suka haɗu da ƙarfi haske ne, inda suka soke juna duhu.

Da aka gane cutar, magani ya samu hanya. Aka raba kejin gida takwas ko fiye, kowane da ƙarfinsa da lokacin bugunsa, dabarar da Ulrich Katscher ya bayyana a 2003 da Yudong Zhu a 2004. A Leiden ta Holand, Andrew Webb ya yi amfani da 'yan matasai cike da garin ma'adinin titanet da ruwa, ana jingina su a gefen kai su janyo igiyar inda ta yi rauni. Dole kuma a lura kada igiyoyin su taru wuri guda su ɗumama nama.

A 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta amince a duba marasa lafiya da tesla 7, kuma likitocin farfaɗiya sun fara gano ƙananan tabo a ƙwaƙwalwa waɗanda a da suke ɓuya musu.