Tura fayil na jan ƙafa bayan sabunta kwamfuta: Ba kullum laifin intanet ba ne

Ko a shagon buga takardu a Maradi ne, ko a ƙaramin ofishi a Sae Sabuwa, da zarar fayil ya fara jan ƙafa tsakanin kwamfutoci biyu, kamfanin sadarwa ake fara ɗora wa laifi. Alhali fayil ɗin da ke tafiya tsakanin kwamfutocin da aka haɗa da waya a ɗaki ɗaya ba ya bi ta intanet. Sayen ƙarin data asarar kuɗi ce kawai, ga kwastoma tsaye yana jiran takardarsa.

Idan matsalar ta soma ne bayan an sabunta Linux, wanda ya kamata a fara tuhuma shi ne kenel, wato zuciyar manhajar da ke sarrafa katin sadarwa da hanyar musayar fayil ta SMB.

Gwajin bai da wuya. Ubuntu kan ajiye tsohon kenel bayan sabuntawa. A duba lambar na yanzu da umarnin uname -r, a sake kunna kwamfutar, a danna Shift ko Esc don buɗe jerin GRUB, a zaɓi tsohon, sannan a tura fayil ɗin nan dai. In gudu ya dawo, an kama ɓarawo.

Daga nan sai a gano inda ya yi ɓarnar. Umarnin ethtool zai nuna ko katin na aiki a megabit 1000 ko ya faɗo 100, kamar yadda kan faru idan sabon direba bai jitu da katin ba, ko waya ta lalace. Bambancin ba ƙarami ba ne: bidiyon biki mai gigabait 1 da ke wucewa cikin kusan daƙiƙa 10 zai koma cin minti ɗaya da rabi. Idan kuma iperf3 ya nuna layin lafiya lau, to matsalar na wajen SMB.

An taɓa ganin irin haka. A watan Satumban 2017, Linux 4.13 ya daina farawa da tsohon SMB1 ya koma SMB3, tsofaffin na'urorin ajiya da dama suka ƙi haɗuwa. Microsoft ma ya wajabta sa hannun tsaro kan musayar SMB a Windows 11 24H2 na 2024, abin da ke ƙara wa kwamfuta aiki, musamman tsofaffin da 'yan uwa ke aikowa daga waje.

Wasu masu gyara kan yanke hanya su mayar da komai kan SMB1. Ganganci ne. Ta wannan ƙofa cutar WannaCry ta bi a watan Mayun 2017 ta durƙusar da asibitoci a Ingila. Gara a zauna kan tsohon kenel na ɗan lokaci, a rubuta lambobin biyu da sakamakon gwajin, a aika wa masu kula da Ubuntu ta Launchpad.