Injin kwale-kwale mai ɓari da tari: abin da ke gaskiya da abin da ke jita-jita

A bakin ruwan Yawuri da Kainji da Baga, idan injin kwale-kwale ya fara ɓari a silo yana tari kamar zai mutu, ko silinda ɗaya ta daina aiki har ƙarfinsa ya ragu, ba a rasa masu ba da shawara. Wannan ya ce a ƙara baƙin mai, wancan ya ce a ɗaga silo, wani kuma ya rantse injin ya gama yayi. Cikin maganganun nan akwai gaskiya akwai ƙarya, kuma ma'aunin raba su guda ne. Kowace silinda tana buƙatar abu uku: wuta, da fetur gauraye da iska, da matsi. In ta yi shiru, ɗaya daga cikinsu ne ya ɓace, kuma duk shawarar da ba ta fara da gano wanne ne ba, kame-kame ce.

Masu cewa a fara duba fulogi sun yi gaskiya, domin bakinsa yana ba da labarin abin da ke faruwa a ciki. In ya fito ruwan ƙasa-ƙasa kuma a bushe, silindar lafiya take. In ya fito baƙi ƙirin yana danƙo, mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. In kuwa ya fito fes kamar an wanke shi alhali ɗan'uwansa na da datti, to a yi zargin ruwa na shiga ta gaskit. Haka masu zargin fetur ba su yi kuskure ba. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka yakan kwanta a gindin tanki, daidai inda tiyo ke zuƙa. A tsiyayi kaɗan cikin farar kwalba a ajiye, za a ga ya rabu gida biyu. Dattin jarka kuma yakan toshe ɗan ƙaramin jet na kafireta wanda silo ya dogara da shi, shi ya sa injin ke ɓari a tsaye amma ya sake in an ba shi wuta.

Maganar ƙara baƙin mai fiye da kima kuwa ba ta da tushe. Yawancin injinan da ake haɗa musu mai da fetur, irin su Yamaha Enduro, suna aiki ne da kashi 1 na mai cikin kashi 50 na fetur, wato rabin lita a tanki mai lita 25, sai dai in littafin injin ya faɗi wani ma'auni. Wuce hakan shi ke jiƙa fulogi ya kashe wuta. Baƙin man mota ma ba ya maye gurbin man injin kwale-kwale irin TC-W3, saboda ba a yi shi don ya ƙone ba, toka yake bari a kan fistin da fulogi. Ɗaga silo shi ma ɓoye ciwo ne kawai, kuma duk lokacin da aka saka giya injin na gudu sosai, haƙoran giyar ne ke cin duka. Cire tamostat wai don ƙasarmu da zafi yana sa injin ya yi ta aiki da sanyi, mai ya ƙi ƙonewa da kyau, ɓarin ya ƙaru.

Wani zai ce shekara da shekaru yana zuba baƙin man mota kuma injinsa bai tsaya ba. Injin yana da haƙuri, amma ya lissafa fulogin da ya canza da ringin da ya saya, zai ga araharsa ta zama tsada. Wani kuma zai ce a ƙauye babu na'urar gwaji. Gwajin farko ba ya buƙatarta. A sauya wa fulogai wuri tsakanin silinda ta sama da ta ƙasa: in matsalar ta bi fulogin, an kama ɓarawo. In ta tsaya inda take, a yi haka da koyil. A duba ko murfin tanki na shan iska, a matsa famfon tiyo a ji ko yana tauri. Sai duk waɗannan sun fita lafiya ne za a nemi makanike ya auna matsi, kuma bambancin da ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 tsakanin silindodi shi ne ke nuna ringi ko fistin. Kafin wannan awo, babu hujjar kwance inji ko yanke masa hukunci.

Jita-jitar da ta fi haɗari ita ce wai a shiga ruwa a ba shi wuta, zai warware da kansa. A irin wannan inji, fetur ne ke kai wa fistin mai. In kafiretar wata silinda ta toshe, fistin ɗinta yana gudu ne a bushe, kuma yana iya ƙamewa a tsakiyar kogi da kaya da mutane a ciki. Direbobin kwale-kwale da shugabannin tasha, kada ku bari injin da ke tari ya ɗauki fasinja. A gwada shi a bakin gaɓa, a gyara, sannan a yi lodi.