Kishin Ƙasa Na Gaskiya Da Na Neman Ƙuri'a

Wanda ya zaga unguwar Federal Low-Cost a Gombe zai tarar da Bafillatani da Batangale da Batere da Bayarabe suna maƙwabtaka, 'ya'yansu na tafiya makaranta ɗaya. Irin wannan zama shi ne abin da wata siyasa ta fi yi wa barazana, watau siyasar ɗan takarar da ke cewa shi kaɗai ne bakin talakawa, duk wanda ya saɓa masa kuwa baƙo ne ko maci amanar ƙasa.

Dabarar ba wuya gare ta ba. Idan abinci ya yi tsada, aiki ya yi wuyar samu, sai a nuna wa jama'a wani da yatsa, a ce shi ne sanadi.

An yi haka a Ghana cikin 1969, sa'ad da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su fita, har Hausawan da aka haifa a zango suka rasa gidajensu. Mu ma a watan Janairu na 1983, da kuɗin man fetur ya faɗi kuma zaɓe ya gabato, aka kori baƙi fiye da miliyan ɗaya daga Nijeriya, yawancinsu 'yan Ghana. Tattalin arziki bai gyaru ba. Ran 31 ga Disamba na shekarar nan soja suka karɓe mulki.

Abin lura shi ne, wuƙar da aka wasa don baƙo takan juyo kan ɗan gida. Cikin 1980 aka kama Alhaji Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye na Majalisar Dokokin Jihar Borno, ɗan jam'iyyar GNPP, aka tsallaka da shi Chadi wai shi ba ɗan Nijeriya ba ne. Mutum ne fa wanda jama'arsa suka zaɓa! Babbar Kotun Maiduguri ce ta tabbatar masa da haƙƙinsa, ya komo gida. Da an riga an raunana kotun, kamar yadda masu wannan siyasa kan so, da ba inda zai kai kuka.

Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa ikon zama inda ya ga dama a Nijeriya, ya kuma hana a kore shi daga cikinta. Sashe na 42 ya hana a bambanta shi saboda ƙabila, ko addini, ko asalinsa, ko ra'ayinsa na siyasa.