Ihu a cikin banki ba ƙorafi ba ne

Na gaji da ganin bidiyon mutane suna ihu a cikin banki, wani ya tuɓe riga, wani ya haye tebur, saboda ATM ya zare kuɗi daga asusu bai fito da su ba. Abin ya yi yawa lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, har yau kuma ba a daina ba. Waɗanda ba su iya ihu ba sai su ce sun bar wa Allah, wai banki ba a ja da shi, sai kana da wani a ciki, in ka matsa ma a rufe maka asusu.

Ƙarya ce, kuma bankuna kaɗai take yi wa amfani. Tun 2012 Babban Bankin Najeriya, CBN, yake da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna, wanda ke tilasta wa banki mayar da abin da ya ci ba bisa ƙa'ida ba. A watan Yunin 2020 CBN ya yanke wa'adi: in ATM ɗin bankinka ne ya riƙe kuɗin, a mayar nan take, in an gaza kada ya wuce awa 24, na wani banki awa 48, na POS da cinikin intanet awa 72. Ashe ma'aikacin da ke ta cewa "ka dawo sati mai zuwa" ba alfarma kake nema a wurinsa ba, ƙa'ida ce yake takawa. Kai ƙara kuma ba laifi ba ne, balle a rufe asusu a kansa. Haƙuri halin kirki ne, ba musu, amma wanda ya yafe dubu biyar don jin nauyin mai kwat ya koya wa banki cewa gobe ma a ci na maƙwabcinsa.

Abin da ke riƙe kuɗin, wani lokaci matsalar layin sadarwa ce, wani lokaci sakacin ma'aikata. Ko wanne ne, hanyar ɗaya ce.

Ka rubuta. Je teburin masu karɓar ƙorafi ka cike fom ko ka miƙa wasiƙa: sunanka, lambar asusu, rana da lokaci, adadin kuɗin, da inda abin ya faru. Haɗa da alat ɗin da ya shigo wayarka da rasit ɗin mai POS, wanda yawancinmu ke yarwa tun a bakin shago. Kada ka fito sai an ba ka lambar bibiyar ƙorafin, a kuma buga hatimi a kwafin da za ka riƙe. In ba ka iya rubutu ba, ɗanka ya rubuta maka.

Banki yana da mako biyu ya warware ƙorafin kafin ka kai ƙara gaba. Cajin da ya wuce kima da rikicin rance kuwa, kwana 30. Wa'adi na cika, ka rubuta wa daraktan sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna, ka miƙa a reshen CBN mafi kusa, ko Kano, ko Kaduna, ko Sakkwato, tare da lambar bibiyar. Wanda ya tsallake bankinsa ya tafi CBN kai tsaye, mayar da shi za a yi. Kada kuma a yi jinkiri, don ƙorafin da ya haura shekara 6 ba a karɓa.

Masu zuba lambar asusu da ta waya a Facebook cikin fushi, ku ji: 'yan damfara suna buɗe shafuka da tambarin bankuna suna jiran irinku. Za su kira cikin ladabi, su ce a karanto musu PIN ko lambar sirrin da ta shigo yanzu don a mayar da kuɗin. Babu ma'aikacin banki ko na CBN da zai nemi wannan. Ka kashe wayar, ka tafi reshe da ƙafarka.