Ina Gumi Yake Zuwa Idan Babu Nauyi? Halin da 'Yan Sama Jannati Ke Ciki

Ɗiga ruwa kaɗan a kan sikirin ɗin wayarka, ka ajiye ta a kwance. Za ka ga ɗigon ya dunƙule wuri guda. Ka ɗan karkata wayar, nan take zai gangara. Abu biyu ne ke ja-in-ja a nan: ruwa yana riƙe kansa kuma yana manne wa duk abin da ya taɓa, shi kuma nauyi yana jan sa ƙasa. A doron ƙasa, da zarar ɗigo ya yi girma nauyi ne ke rinjaye, shi ya sa gumi ke tsiyaya daga goshinka.

A tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wato ISS, wadda ke kewaya duniya a nisan kimanin kilomita 400, mannewar ce kawai ta rage. Ba wai jan duniya bai kai can ba ne. Tashar da mutanen cikinta faɗowa suke yi tare, suna zagaye duniya duk minti 90, don haka ba sa jin nauyin komai.

To gumi fa? Jiki yana fitar da shi kamar kullum, amma ba ya tsiyaya. Yana shimfiɗuwa a kan fata, yana ƙara kauri, ya taru a gashin kai, da kwarmin ido, da tsakiyar baya. Idan mutum ya girgiza kai da ƙarfi, wani ya ɓalle ya zama ƙwallon ruwa yana yawo, kuma ba wanda ke son ya sauka a kan na'ura ko fuskar abokin aiki. Nemi bidiyon Chris Hadfield, ɗan sama jannatin Kanada, na shekarar 2013 a YouTube, inda ya matse jiƙaƙƙen tsumma: ruwan bai zuba ba, sai ya lulluɓe masa hannu kamar safa. Haka gumi yake yi.

Kuma ba su da damar kauce wa gumin. Dole su motsa jiki kimanin awa biyu kowace rana, domin ƙashi da tsoka suna raunana idan babu nauyi. Ko gudu a kan inji sai an ɗaure mutum da majanyi mai roba don kada ya tashi sama. Tawul ba ya nisa da su.

Amma a ganina babbar matsalar ba ƙazanta ba ce, zafi ne. Gumi ba ya sanyaya jiki don ya fito, sai ya bushe ya bi iska sannan yake tafiya da zafi. A nan ƙasa, iskar da jikinka ya ɗumama ta fi ta kewaye rashin nauyi, sai ta tashi sama, mai sanyi ta maye gurbinta, ko da babu fanka. A can babu abin da ke tashi sama. Iska mai ɗumi da laima sai ta tsaya a jikin mutum kamar bargo. Ka tuna irin zafin nan na gab da saukar damina, ka jiƙe sharkaf amma babu sauƙi.

An auna wannan. Wani bincike da masana na asibitin Charité da ke Berlin suka jagoranta, wanda aka buga a mujallar Scientific Reports a 2017, ya bibiyi 'yan sama jannati 11. An gano zafin jikinsu yana hawa sannu a hankali har ya ƙaru da kusan digiri 1 cikin wata biyu da rabi, ya kai wajen digiri 38 ko suna hutawa. Lokacin motsa jiki kuwa, na wasu ya haura 40. A gida, wannan zazzaɓi ne mai kai mutum asibiti.

Shi ya sa fankoki ba sa tsayawa a tashar, su ke yin aikin da nauyi yake mana kyauta. Iskar da suke turawa tana bi ta na'urorin da ke tsotse laima, a tace ruwan ya koma na sha. A watan Yunin 2023 hukumar NASA ta sanar cewa ta kai ga dawo da kashi 98 cikin 100 na ruwan, haɗe da na gumi, numfashi da fitsari.

Wannan mannewa ta ruwa ta kusa cin rai. Ranar 16 ga Yulin 2013, Luca Parmitano ɗan Italiya yana aiki a wajen tashar, sai ya ji ruwa a ƙeyarsa cikin hular kwanonsa. Da farko an yi zaton ko gumi ne, ko jakar ruwan shansa ce ke yoyo. Ashe ruwan na'urar sanyaya rigar ne, bayan wani sashe nata ya toshe. Kimanin lita ɗaya da rabi ta shiga hular, kuma maimakon ruwan ya taru a wuya, sai ya bi fatar kansa ya rufe masa ido, kunne da hanci, ga shi babu halin sa hannu ya share. Da lalube ya koma ƙofar shiga. Bayan haka ne NASA ta sa ƙyalle mai shanye ruwa a bayan hular, da bututun da mutum zai shaƙi iska daga cikin rigar idan ruwa ya rufe masa fuska.