Babi na Bakwai: Mazauna Jirage a Tafkin Dal

A gefen birnin Srinagar na ƙasar Kashmir akwai wani tafki mai suna Dal, wanda manyan duwatsu suka yi wa ƙawanya, kuma a kan ruwansa akwai al'umma guda wadda ake haihuwar ɗanta cikin jirgi, ya yi wayo cikin jirgi, ya yi aure ya tsufa a cikinsa, ba ya hawa tudu sai don wata lalura, kamar kasuwa ko masallaci ko rakiyar mamaci zuwa makwancinsa. Ana kiransu Hanji, Musulmi ne, kuma sana'arsu tun kaka da kakanni ita ce su da fito da dakon itace da hatsi.

Amma manyan jiragen kwana da suka sa tafkin ya shahara, baƙi ne sanadinsu. A ƙarshen ƙarni na 19, Turawan Ingila masu mulkin Indiya sukan gudo Kashmir idan zafi ya tsananta, sai suka tarar Maharaja, sarkin ƙasar, ya haramta wa baƙo mallakar ƙasa. Da yake hanin bai shafi ruwa ba, suka sa masassaƙa su ƙera musu gidaje masu iyo da katakon deodar, wanda ruwa ba ya saurin cinsa, da zaure da ɗakunan kwana da makewayi. Bayan tafiyarsu a 1947 jiragen suka koma masaukin 'yan yawon buɗe ido, mai jirgi kuwa da iyalinsa sau da yawa suna zaune a wani ƙaramin jirgi can baya, inda ake girki.

Da an idar da sallar Asuba kasuwa take ci a tsakiyar ruwa. Kowa ya zo cikin kwalekwalensa da suke kira shikara, jirgi ya jingina da jirgi, a yi ciniki a miƙa kaya hannu da hannu, kafin hantsi ya dubi ludayi an watse. Abin al'ajabi, yawancin kayan miyar a kan ruwan aka noma su, domin mutanen sukan saƙa ciyawar tafki, su aza mata laka har ta zama lambu mai iyo, su shuka tumatir da kokwamba da kankana. Yaro kuwa tun yana ƙarami yake koyon riƙe filafili, saboda da shi zai je makaranta, da shi za a aike shi wurin mai burodi.

Jarrabawarsu ita ce hunturu. Daga 21 ga Disamba ake shiga kwana 40 na matsanancin sanyi da suke kira Chillai Kalan, har wata shekara fuskar tafkin takan daskare, sai mutum ya riƙa fasa ƙanƙara da filafili kafin jirginsa ya sami hanya. A lokacin kowa yakan rungumi kangri, wato ɗan kaskon garwashi da aka saƙa masa kwando, ya sa shi ƙarƙashin babbar rigarsa, yana kurɓar shayin gishiri.

Idan watan azumi ya kama, kiran sallah daga masallatan gaɓa shi ne agogon buɗe-baki. Ranar Idi kuwa, tun da duku-duku za ka ga jirage jere, magidanta da 'ya'yansu cikin sababbin tufafi, suna tuƙi a hankali kada ruwa ya fantsama musu, sun nufi masallacin Hazratbal da ke bakin tafkin. In an sauko, sai ziyarar zumunta daga jirgi zuwa jirgi, yara suna karɓar barka da sallah. Taron da ya fi wannan shi ne na Mauludi, domin a masallacin nan ake ajiye da wani silin gashi da jama'ar ƙasar suke jingina wa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, kuma a ranar ake fito da shi dubban mutane su gani. Da ya ɓace a Disamban 1963, Kashmir ba ta sami natsuwa ba sai da aka sanar da samunsa a Janairun 1964.

A yau tafkin yana ƙanƙancewa, ciyawa da ƙazanta suna cinye shi, hukuma kuma ta hana ƙera sababbin jiragen kwana. Lalle jiragen suna da nasu kason laifi, amma a ganina ba adalci ba ne a ɗora wa Hanji nauyin duka, alhali magudanan birni ma cikin tafkin suke zuba. Mutanen da abincinsu da makwancinsu suke kan ruwan nan, su ya kamata a fara shawarta a sha'anin gyaransa.