Fushin ɓarnar gona: a zauna kafin a ɗauki sanda

Jama'ar Malbaza, Ƙonni da Illela, da zarar kaka ta yi sai a kula da zuciya. Gero na dami a gona, wake bai gama bushewa ba, garken shanu kuma sun fara gangarowa daga arewa suna neman kara da mashaya. A wannan tsakanin ne rai ke saurin ɓaci.

Ba mu manta da Bangi ba, nan kusa cikin ƙasar Madawa. A watan Nuwamban 2016 shanu suka shiga gona, kafin ƙura ta lafa mutum 18 sun rasu, gidaje sun ƙone. Rikicin Toda a jihar Maradi, a 1991, ya fi muni: sama da mutum 100, akasarinsu mata da yara.

Ɓarna da ciwo, wannan ba musu. Mutum ya yi shara, ya yi shuka, ya yi noma da maimai, ya sammako ya tarar da zangarniya a tattake, ga sawun kofato, ga kashin shanu ɗanye. Dole ransa ya ɓaci. Haɗarin yana cikin abin da zuciya ke raɗa masa daga baya: da gangan suka yi, duk halinsu ɗaya ne. Shi ma makiyayin da ya iske an nome burtali, tasa zuciyar cewa take so ake a kore su daga ƙasar. Da mutum ya bar "wane ya cuce ni" ya koma "su wane", to a kan wanda ya fara cin karo da shi zai huce, ko da yarinya ce mai tallan nono. Yanzu kuma ga WhatsApp. Saƙon murya guda na "an ce an kashe" ya isa ya tara samari kafin mai gari ya sa takalmi.

Malamanmu sun sha faɗa mana cewa mai fushi, in yana tsaye ya zauna, ya yi alwala. Bayan nan ka tambayi kanka: me na gani da idona, me kuma aka faɗa mini? Kira shaidu, ɗauki hoton ɓarnar, ajiye adda a gida.

Hanyar neman haƙƙi tana nan. Tun 1993 dokar karkara ta Nijar ta kafa kwamitocin filaye da ake kira COFO. Ana fara sulhu gaban mai gari da ardo, ko gaban sarki, a ƙiyasta ɓarna a biya, in abin ya faskara sai kotu. Hukuma kuma kan sanar da ranar sakin gonaki: makiyayi ya jira ta, manomi ya kwashe amfaninsa kafin ta zo.

Dattawa, in kun ga samari sun fara taruwa, ku fito ku tsaya a gabansu. Kai kuma da saƙon "an ce" ya shigo wayarka, don Allah kada ka tura shi gaba.